Kwana Shida Zuwa Ƙarfe 11:30: Yadda Ake Haɗa Shirin Barkwanci Na Kai Tsaye A Talabijin

Shirin Saturday Night Live, wanda aka fi sani da SNL, yana fita daga ɗakin shirye-shirye mai lamba 8H a hawa na takwas na ginin Rockefeller da ke New York tun ranar 11 ga Oktoba, 1975. Gidan talabijin na NBC ke watsa shi. Wannan NBC ɗin ta Amurka ce, suna kawai ya haɗa ta da hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya. Yana farawa ƙarfe 11:30 na daren Asabar agogon can, wajen asubahin Lahadi ke nan a Kano ko Damagaram, ya ƙare ƙarfe 1:00. Lorne Michaels ne ya ƙirƙiro shi, kuma in ban da tsakanin 1980 da 1985, shi ke jan ragamarsa.

Abin lura shi ne, ranar Litinin da safe kusan babu abin da aka rubuta na shirin da za a nuna ranar Asabar. Duk mai son haɗa irin wannan shiri, a babban gidan talabijin ne ko a ƙaramar tasha mai kyamara uku, tsarin makon nan ya kamata ya koya. Ginshiƙinsa guda ne: a rubuta fiye da abin da ake buƙata, a gwada a gaban mutane, a yanke duk abin da bai ba da dariya ba ko da an sha wahala a kansa.

Lissafin mintuna

Kafin ku kira marubuci ko ɗaya, ku zauna da takarda ku cire lokacin talla daga minti 90. Awa ɗaya da 'yan mintuna za su rage. Daga ciki ku ware wasan buɗewa, wanda ake shiga kai tsaye tun kafin taken shiri, galibi kan siyasar makon, minti 5 zuwa 7. Sai take da jero sunayen 'yan wasa. Sai jawabin baƙon mako, wato fitaccen mutumin da aka gayyato ya jagoranci shirin wannan makon, minti 3 zuwa 5, in kuwa baƙon gwanin barkwanci ne a bar shi ya ƙara. Waƙoƙi biyu na mawaƙin da aka gayyato za su ci kusan minti 8. Labaran barkwanci, da suke kira Weekend Update, suna zuwa wajen tsakiyar shiri su ɗauki minti 10 zuwa 12. Idan kun gama cirewa za ku ga gurbin da ya rage bai wuce na gajerun wasanni biyar zuwa bakwai masu tsawon minti 4 zuwa 6 ba. Wannan ɗan gurbin ne marubuta kusan ashirin ko fiye za su yi ta gasa a kai har Asabar.

Litinin da Talata

Litinin da yamma marubuta da 'yan wasa suna taruwa da baƙon mako a ofishin Michaels a hawa na 17, kowa ya faɗi dabara ɗaya ko biyu a taƙaice. Amfanin zaman nan ya fi ga sanin baƙo: yana iya waƙa? yana iya kwaikwayon muryar wani? me ba zai yarda ya yi ba? Ku tambaye shi tun yanzu, domin baƙon da ya ƙi rawa ranar Juma'a bayan kafinta ya gama aiki ya jawo asarar kuɗi da ta lokaci.

Talata ranar rubutu ce, har gari ya waye. Mutum biyu ko uku suke haɗuwa kan wasa guda, kuma zai fi kyau wanda zai taka rawar yana cikinsu, don kalmomin su dace da bakinsa.

Gajeren wasa abu ɗaya yake ɗauka, abu ɗaya da ya saɓa wa hankali, sauran komai ya zauna daidai yadda aka san shi. A ce mai gadi ne da ba ya barin kowa ya shiga sai da katin shaida. A cikin daƙiƙa 30 na farko 'yan kallo su san inda ake, su san waye wannan, su ga halinsa a karon farko: ya tare mai kawo saƙo. Daga nan abin ya riƙa hawa. Ya tare mai gidan kansa. Ya tare amaryar da aka kawo da 'yan rakiyarta. Ya tare 'yan kwana-kwana alhali hayaƙi na fita ta taga. Dole kowane mataki ya fi na baya nauyi, in ya yi daidai da shi dariya za ta ragu, don mutane sun riga sun gane inda aka dosa. Dole kuma a sami mutum ɗaya mai cikakken hankali a wurin, wanda fuskarsa ke faɗin abin da ɗan kallo ke ji. Idan kowa a wasan mahaukaci ne, ba a ga haukan kowa.

Kurakurai uku ne suka fi kashe wasa a wannan matakin. Doguwar shimfiɗa kafin dariyar farko. Shigo da dabara ta biyu a tsakiya saboda marubuci ya ji ta farko ta gaji, alhali maganin gajiyar shi ne a gajarta wasan. Sai rashin ƙarshe. Ku nemo yadda wasan zai ƙare kafin ku rubuta tsakiyarsa, ko da layi ɗaya ne mai ƙarfi da darakta zai ɗora tafi a kansa ya ja kyamara baya.

Laraba: karatun tebur

Nan ne rariya ta farko. Ana zama kewaye da dogon tebur, 'yan wasa da baƙo a gaba, bayansu marubuta da masu sutura da masu kwalliya da masu zana dandali da masu kiɗa, a karanta wasanni kusan 40 ɗaya bayan ɗaya, aikin awa uku zuwa huɗu. Marubuci yakan zaga kafin a fara ya gaya wa kowane ɗan wasa irin muryar da yake so. Ku sa mutum ɗaya ya riƙe agogo yana rubuta tsawon kowane wasa, wani kuma yana yin alama a gefen takarda duk inda aka yi dariya. Wasan da ya burge a takarda yakan mutu a baki, wani kuma yakan tashi saboda yadda wani ya furta kalma guda.

Bayan karatu, shugaban shiri da manyan marubuta da furodusoshi da baƙo suna shiga ofis su zaɓi kimanin goma sha biyu. Ana rubuta sunan kowane wasa a ƙaramin kati a maƙala a allo. Dariya ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko baƙo ya fito da fuskoki dabam-dabam, ko akwai ɗan wasan da bai sami komai ba, ko wasanni biyu sun yi kama, ko ɗakin zai iya ɗaukar dandalin da kowane wasa ke buƙata.

Daga wannan daren marubucin da aka zaɓi wasansa ya zama furodusan wasan. Shi zai je ya yi magana da mai zane kan kalar bango, da tela kan riga, da mai kayan wasa kan irin kofin da za a riƙe. Wannan tsari ne mai kyau ƙwarai, saboda wanda ya rubuta abin shi ya fi sanin wane ƙaramin abu ne dariyar ta rataya a kai.

Alhamis da Juma'a

Da daren Laraba masu zane suke fitar da taswirar kowane dandali, kafintoci a Brooklyn su kama aiki. Ana gina bangon gunduwa-gunduwa, saboda sai ya shiga mota, ya kuma shiga lif ɗin kaya kafin ya hau hawa na takwas. Ku auna ƙofar ɗakinku kafin ku ba kafinta awo. Bango ya zama mara nauyi, da tayoyi ko wurin kamawa, yadda mutum biyu za su tura shi a cikin hutun talla.

Alhamis ana zaman gyaran rubutu, layi bayan layi, a cire mai rauni a sa wanda ya fi. Mawaƙi ma ranar yake gwada sautinsa. A ƙasa kuma ana fara tsara tsayuwa: ina ɗan wasa zai shigo, ina zai tsaya, wace kyamara za ta ɗauke shi. Ana manna salatif mai launi a ƙasa a wurin ƙafar kowa da wurin kowace kujera. Darakta yana rubuta lambar kyamara a jikin takardarsa daidai kan kalmar da zai canja hoto. Saboda haka ne ba a yarda ɗan wasa ya ƙirƙiro magana a lokacin watsawa. In ya sauya layi, kalmar da darakta ke jira ba za ta zo ba, sai a ga fuskar wanda ya yi shiru alhali dariyar tana wani wuri. An sallami ɗan wasa Damon Wayans a 1986 bayan ya sauya yadda yake taka rawarsa ana tsakiyar watsawa ba da sanin kowa ba.

Wasanni biyu ko uku da ake ɗauka tun kafin Asabar, irin su tallan kwaikwayo, galibi Juma'a ake ɗaukarsu, a yi ta tacewa har daren Asabar. Kada ku raina su. Minti biyu ko uku da suke tafiya shi ne lokacin da baƙo zai canja kaya, a kuma tura dandali na gaba.

Kwalayen karatu

'Yan wasan SNL ba sa haddace rubutu. Daga manyan kwalaye suke karantawa, waɗanda aka rubuta da hannu da manyan baƙaƙe, kowane ɗan wasa da kalar tawadarsa, baƙon mako nasa baƙar tawada. Wally Feresten ya shafe shekaru da dama yana shugabantar wannan sashe. Dalilin kwali a fili yake: rubutu yana canjawa har mintunan ƙarshe, wanda ya haddace tsohon layi kuwa shi zai faɗa. Kwali ba ya ɗaukewa in na'ura ta sami matsala, ana kuma iya kai shi duk inda idon ɗan wasa ya kamata ya kalla.

Ga ƙa'idodin aikin. Layi kaɗan a kowane kwali, kuma kada a raba jimlar da ke ɗauke da dariya gida biyu, domin ɗan jinkirin juya kwali ya isa ya kashe ta. A sa lamba a kusurwar kowane kwali. A rubuta wasa ɗaya sau biyu ko uku, saboda 'yan wasan da ke fuskantar juna ba za su karanta daga wuri guda ba. Mai riƙe kwali ya tsaya dab da kyamara ko bayan kafaɗar abokin magana, don a gida a ga kamar mutum yake kallo. Idan an canja layi, a manna farin tef a kan tsohon a rubuta sabon, a kuma gyara dukkan kwafin. Mantuwa da kwafi ɗaya shi ke sa mutum biyu su tsaya suna kallon juna, kowa na jiran layin da babu shi a kwalin ɗan'uwansa. Ɗan wasa kuma ya ajiye idonsa wuri ɗaya. Kai da komo tsakanin kwali da fuskar abokin wasa ya fi tona asiri fiye da kallon kwalin gaba ɗaya.

Sutura da kwalliya

Wani lokaci minti biyu ko ƙasa da haka baƙo ke da shi tsakanin wasa da wasa. Don haka ake ɗinke riga da kwat da laktaya su zama abu ɗaya mai zif ko Velcro a baya, a zura sau ɗaya. Hular gashi da gemu a jera su bisa tsarin wasanni, da sunan mai su. A ba baƙo mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kama hannunsa da zarar an kashe fitila ya ja shi zuwa wurin canji, saboda bai san ɗakin ba, ga duhu, ga wayoyi a ƙasa, ga bangaye na wucewa. Wajen jera wasanni kada a sa biyu masu kwalliya mai nauyi a jere ga mutum ɗaya.

Kayan wasa masu kaifi a yi na roba ko na katako mara baki. A 1976 takobin da ɗan wasa John Belushi ke wasa da shi ya yanki goshin baƙon makon, Buck Henry, ana tsakiyar watsawa, da bandeji ya ƙarasa shirin. Akwatin agajin gaggawa da wanda ya iya amfani da shi su kasance kusa da dandali.

Asabar

Da rana ana bin shirin daga farko zuwa ƙarshe da kaya a jiki. Ƙarfe 8:00 na dare sai babban gwaji a gaban 'yan kallo na gaske, kusan awa biyu, ya fi shirin da za a watsa tsawo da gangan. Waɗannan mutanen dabam ne da waɗanda za su zauna ƙarfe 11:30, don dariya ba ta zuwa sau biyu daga bakin da ya riga ya ji abin. Kafin kowane zama, makaɗa da wani ɗan wasa suna ɗumama ɗakin na 'yan mintuna. Ɗakin da aka shiga da shi a sanyaye, wasan farko ne zai biya bashin.

Ku ɗauki babban gwajin nan a faifai cikakke, da ingancin da za a iya watsawa. Ku kuma sake auna lokaci, saboda dariya tana ƙara tsawo: wasan da ya ci minti huɗu da rabi a ɗakin da babu kowa yana iya wuce biyar idan mutane sun kama. 'Yan wasa su koyi jiran dariya. In ta tashi a dakata, in ta fara sauka a shiga da layi na gaba kafin ta mutu. Wanda ya yi magana a cikin dariya ya binne layinsa, ya kuma koya wa 'yan kallo su riƙa yin shiru don kada su rasa magana.

Michaels yana kallon babban gwaji a talabijin daga ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, marubucin kowane wasa a gefensa yana karɓar gyara. A talabijin ake kallo saboda abin da kyamara ta nuna shi ne shirin, miliyoyin da ke gida ba sa ganin sauran.

Tsakanin ƙarfe 10:00 da 11:30 ake yanke hukunci mafi zafi. Ana komawa gaban allon katuna, a cire wasanni biyu zuwa huɗu, a sake jera sauran, a ce wa wannan marubucin ya rage daƙiƙa 40, wancan ya rage minti guda. Wasan da ya fi ƙarfi a sa shi bayan jawabin baƙo, lokacin da masu kallo suka fi yawa. Wanda ya fi zama bambarakwai a kai shi ƙarshe, wajen ɗaya saura minti goma. Duk ragin da aka yi sai ya isa wuri huɗu: kwalaye, takardar darakta, mai sauti da kiɗa, da ɗan wasan kansa. Ku naɗa mutum ɗaya da zai tabbatar ya kai ga duka huɗun. An san Michaels da cewa shirin ba don ya kammala yake fita ba, yana fita ne don ƙarfe 11:30 ta yi.

Abin da ke lalacewa a lokacin watsawa

Dariyar ɗan wasa a tsakiyar wasa ita ce mafi yawa. Sau ɗaya 'yan kallo suna jin daɗinta. A da, marubuci John Mulaney yakan canja wasu layuka a kwalin ɗan wasa Bill Hader dab da watsawa don ya gan su a karon farko a gaban kyamara, kuma hakan ya zama wani ɓangare na rawar da Hader ke takawa. Amma in ta zama al'ada tana cin lokaci, tana kuma rufe raunin rubutu. Maganinta shi ne ɗan wasa ya sauke ido, ya ja numfashi, darakta ya koma kan wata fuska har ya dawo daidai.

Sauti na biye. A Oktoban 2004, lokacin da mawaƙiya Ashlee Simpson ta fito waƙarta ta biyu, sai aka ji muryarta da aka naɗa ta waƙar farko tana tashi alhali makirufo ba ya bakinta. Ta bar dandalin, aka tafi talla. Duk sautin da aka naɗa a ba shi lamba da suna, mutum biyu su tabbatar da shi a hutun tallan da ya gabace shi.

Akwai kuma abin da mutum ya ƙudurta a ransa bai gaya wa kowa ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1992, mawaƙiya Sinéad O'Connor ta yaga hoton Fafaroma John Paul na Biyu a ƙarshen waƙarta, alhali a babban gwaji hoton wani yaro ɗan gudun hijira ta ɗaga. Darakta bai kunna alamar da ke gaya wa 'yan kallo su yi tafi ba, ɗakin ya yi tsit har aka shiga talla. Mai kula da dandali ya duba abin da ke hannun duk wanda zai hau, kuma ɗakin sarrafa hoto ya kasance da abin gudu a shirye kowane lokaci: hoton baƙo mai taken shiri, ko talla, ko faifan da aka riga aka ɗauka. Idan ana shakkar bakin wani, akwai jinkirin 'yan daƙiƙu tsakanin ɗaki da iska, irin wanda NBC ta nema lokacin da Richard Pryor ya zama baƙo a Disamban 1975. Mai tace kalamai na gidan talabijin ya ga rubutu tun Laraba, ya sake gani bayan kowane gyara, don abin da ya shafi addini da mutuncin mutane ba a gyara shi bayan ya fita.

Sai agogo. Mutum ɗaya a ɗakin sarrafa hoto yana kwatanta lokacin da aka ci da wanda aka tsara, bayan kowane wasa ya faɗi ko an yi gaba ko an yi baya da daƙiƙa nawa. In an wuce da minti biyu, ana rage wasan da ke tafe tun yana jiran shiga, ko a jefar da na ƙarshe gaba ɗaya a sa gajeren faifai a gurbinsa. Irin waɗannan da lokaci ya kora SNL takan ɗora su a YouTube daga faifan babban gwaji, wanda shi ne wani dalilin ɗaukarsa da kyau.

Ragowar lokaci ma haɗari ce. A Fabrairun 1981 an sami 'yan daƙiƙu da ba a tsara ba a wurin sallama, aka bar 'yan wasa su cike su da hira, Charles Rocket ya saki ashar, ba a daɗe ba aka sallame shi. Don haka sallama ta kasance a rubuce a kwali: godiya ga mawaƙi, godiya ga 'yan wasa da ma'aikata, sai da safe. Abin da ya rage makaɗa su cike shi, sunayen ma'aikata suna tafiya a kan allo, a ja su a hankali in akwai minti guda, a hanzarta su in daƙiƙa 20 ce ta rage, a kuma rage ƙarfin makirufon 'yan wasa da zarar baƙo ya gama layinsa na ƙarshe.